Svalbard: Wurin Ziyara Ne, Ba Ƙofar Bayan Turai Ba

A wayoyin matasan Maraɗi, Damagaram da Yamai ana yawan tura wasu gajerun bidiyoyi masu nuna gidaje masu launi-launi a gindin duwatsun ƙanƙara, a ƙarƙashinsu an rubuta cewa ga wani yanki na Turai da ake shiga ba biza. Wurin da ake nufi shi ne Svalbard, jerin tsibirai mallakar ƙasar Norwe, can kusa da ƙarshen arewacin duniya. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma nan ne hatsarinta yake.

Gaskiya ne cewa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Paris a 1920, wadda ta danƙa tsibiran ga Norwe, ta sa dokar shige da fice ta ƙasar ba ta aiki a can. Ɗan kowace ƙasa yana iya zama ya yi aiki ba tare da takardar zama ba. Shi ya sa babban garin, Longyearbyen, mai mutane kimanin 2,500, ya tara ƴan ƙasashe fiye da 50, har da ƴan Tailan da Filifin masu yawa.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne hanya. Jiragen fasinja da ke sauka a Longyearbyen daga Oslo ko Tromso suke tasowa, biyun kuma cikin yankin Shengen suke. Mai fasfo na Nijar sai ya sami bizar Shengen kafin ya taka Oslo, kuma bizar shiga sau biyu, domin wanda ya tafi Svalbard ya fita daga Shengen ke nan, dawowarsa sabuwar shiga ce. Kuɗin neman bizar kaɗai yuro 90 ne, wajen jaka 59 na sefa, ko an ba mutum ko an hana shi. Duk dillalin da ya karɓi kuɗin matashi da sunan zai kai shi Svalbard ba biza, to ya sayar masa da iska ne.

Wanda ya isa ma bai huta ba. Svalbard ba ta da tallafin marasa aiki irin wanda ake jin labarinsa a sauran Norwe. Doka ta ce mutum ya iya ciyar da kansa, in ba haka ba gwamnan tsibiran yana da ikon sallamarsa. Yawancin gidaje na kamfanoni ne da hukumomi, sai mai aiki a wurinsu yake samun ɗaki. Shekarun da baƙo ya yi a can ba a lissafa masa su wajen neman takardar zama a Norwe. Asibitin garin ƙarami ne, har mata masu ciki ake turawa babban yankin ƙasar makonni kafin haihuwa. Haƙar kwal da ta kafa garin ta ja baya, abin da ya rage shi ne yawon buɗe ido da binciken kimiyya, ayyukan da ke neman harshe da takardar shaida.

Sai yanayi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa ko kaɗan, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma ba ta faɗuwa. Wanda hunturun Tawa ke sa shi kwana kusa da murhu ya auna sanyin da ke kaiwa digiri 15 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce. Ba a fita bayan gari hannu rabbana saboda farin beyar, ƙatuwar dabbar ƙanƙara mai cin nama. A Agustan 2020 ɗaya ya kashe wani mutum a sansanin kwanan baƙi kusa da filin jirgin garin.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin dalilin juya wa arewacin Turai baya. Ƴan Nijar da ke zaune da cikakkun takardu a Faransa, Beljiyam ko Jamus sukan yi shekara goma ba su san komai ba sai wurin aiki, masauki da filin jirgin komawa gida. Takardar zamansu tana ba su damar ziyartar Norwe, Suwidin ko Finlan har kwana 90, kuma akwai abin gani da ya fi hoton hasumiyar Paris.

A Svalbard ɗin kanta, cikin wani dutse da ke saman filin jirgi, akwai rumbun irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008. An adana samfurin iri fiye da miliyan ɗaya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Cibiyar IITA ta Ibadan tana cikin waɗanda suka fara kai nasu, har da wake, haka ma ICRISAT, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, ta ajiye dubban nau'in gero da dawa. Ba a barin baƙi su shiga, ƙofar kawai ake gani daga waje. Amma ɗan manomin da ya san yadda fari ke cinye irin da kaka ta ɓoye a rumbu ba ya bukatar dogon bayani kan amfanin wurin. A 2015, da yaƙin Siriya ya raba masu bincike da rumbunsu na Halab, daga nan suka karɓo irin da suka sake farawa da shi.

A Tromso, inda rana ke yin wata biyu ba ta faɗi ba, akwai Musulmi da masallacinsu, kuma a irin wannan lokaci da jadawalin Makka suke salla da azumi. A Kiruna ta Suwidin, haƙar ƙarfe ta raunana ƙasar da garin ke kai, sai ake matsar da babban ɓangarensa. A Agustan 2025 aka ɗora tsohuwar majami'ar garin ta katako a kan manyan tayoyi, aka kai ta nisan kilomita biyar cikin kwana biyu. Mutumin Arlit ko Agadas, da ya san abin da haƙar ma'adinai ke yi wa gari, zai dawo daga can da tambayoyi masu nauyi kan wanda ya kamata ya biya kuɗin gyara.

Tsibiran Faro kuwa, 18 ne tsakanin Norwe da Aislan, tumakinsu sun fi mutanensu yawa, kuma su ma suna da nasu tarko: suna ƙarƙashin masarautar Danmak amma ba sa cikin Shengen, don haka bizar Shengen kaɗai ba ta shigar da mai fasfo na Nijar. Sai ya nemi izini na musamman daga hukumomin Danmak, kuma tun kafin ya sayi tikiti.