Sharhi: Kafin a sayar wa 'yan fansho inshorar haƙori, a fara kawo likitan Magaria da Dungass

Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 aka rage kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje da kwanciya da rabi a asibitocin gwamnatin Jamhuriyar Nijar, bayan dokar da majalisar ministoci ta amince da ita a watan Agustan shekarar. Haihuwa ta koma kyauta, an kuma soke jika 150 da ake karɓa a hannun masu wankin ƙoda. Mataki ne da talaka ya gani a ƙasa. Sai dai ragin farashi yana amfanar wanda ya iya kai kansa inda ake aikin ne, kuma akwai wani aiki da tsofaffin gundumomin Magaria da Dungass, a jihar Damagaram, ba su cika isa gare shi ba ko da za a yi musu kyauta. Aikin haƙori ke nan.

Maganar ba ƙarama ba ce, duk da cewa mutane sun saba ɗaukar zubewar haƙori a matsayin hakkin tsufa, kamar furfura. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya a baka. Dattijon da turamensa suka zube yakan bar nama, ya bar wake da gyaɗa, ya koma kunu da koko da shayi mai sukari. Idan yana da ciwon sukari, abincin ya ƙara masa ciwon, ciwon kuma ya ƙara cinye masa dasashi, domin cututtukan biyu suna ciyar da juna. 'Ya'ya su yi ta mamakin yadda Baba ke ramewa alhali ana aiko da kuɗin cefane duk wata.

Ga kuma abin da ke faruwa ranar da ciwon ya tashi. Tsoho zai fara da gishiri da kanumfari, daga nan a aiki yaro wurin mai tallar magani a tire ya sayo ƙwayoyin kashe zafi. Irin su diclofenac da ibuprofen suna kwantar da zogi, amma shansu kwana da kwanaki yana cin ciki yana taɓa ƙoda, musamman ga mai hawan jini. Idan abin ya ƙi, sai wanzami ko mai cire haƙori na ranar kasuwa, da ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga bakin wani. Kumburin da ya taso daga ruɓaɓɓen turmi na ƙasa yana iya gangarowa wuya ya toshe numfashi. Likitoci sun san wannan, yana kisa, kuma farkonsa ɗan rami ne da za a iya cikewa cikin rabin sa'a.

A ƙasashen da suka daɗe da tsarin inshora ma haƙori ne ake bari a baya. Shirin Medicare na Amurka, wanda aka kafa a 1965 domin tsofaffi, har yau ba ya biyan wankin haƙori, ciko ko haƙoran roba a tsarinsa na asali, shi ya sa 'yan ritayar ƙasar ke sayen ƙarin inshora ta haƙori daban. Faransa sai a 2020 da 2021 ta shigar da wasu nau'o'in haƙoran roba cikin abin da mai inshora ke samu ba tare da ya cika kuɗi daga aljihunsa ba. A Ghana, inshorar ƙasa ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin zubi, tana biyan cirewa da ciko, amma ta ware haƙoran roba ta ce babu ruwanta. Wato abin da tsoho ya fi buƙata domin ya ci abinci shi ne aka fi gudun biya.

To, ya dace 'yan fanshon Nijar su samu irin wannan ƙarin kariya? Ya dace. Malamin makarantar da ya yi shekara talatin yana koyarwa a Bande ko Wacha, da ma'aikacin jinyar da ya tsufa a Gouchi, sun cancanci a rubuta musu ƙarara, da farashi, abin da za a biya musu na haƙori: dubawa, wanki, ciko, cirewa, da haƙoran roba bayan wasu shekaru. Hukumomin da za su yi wannan suna nan. CARENI ce ke riƙe da fanshon ma'aikatan gwamnati, CNSS kuma na ma'aikatan kamfanoni. Suna da sunayen mutanensu, sun san garin da kowa yake karɓar kuɗinsa.

Amma akwai sharaɗi, kuma a kansa ya kamata ƙungiyoyin 'yan fansho su kafe: kada a cire ko dala ɗaya daga fanshon kowa sai an nuna masa kujerar da zai zauna da likitan da zai duba shi. In ba haka ba, cinikin biri a sama ne.

Dalili kuwa a fili yake. Likitocin haƙori a Nijar ba su kai ɗaya ga mutum dubu ɗari ba, kuma mafi yawansu a Yamai suke. A ƙidayar 2012, Magaria da Dungass a haɗe sun haura mutum dubu 900, yanzu kuwa sun wuce haka nesa. Dungass ma sai a 2011 aka cire ta daga Magaria ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Duk aikin da ya wuce cire haƙori, galibi sai an nufi babban asibitin Damagaram, tafiyar kusan kilomita ɗari daga Magaria, ko a tsallaka iyaka ta Babura ko Maigatari a gangara Kano. Haƙoran roba ba a zuwa ɗaya ake yinsu ba. Akwai ranar awo, akwai ranar gwaji, akwai ranar gyara idan sun matse dasashi. A lissafa kuɗin mota na tsoho da ɗan rakiyarsa sau uku, da abinci, da kwana a gidan dangi, sai a ga tafiyar ta kusa cin kuɗin aikin. Babu katin inshorar da ke biyan wannan. Hanyar Kano ɗin ma ba abin dogaro ba ce, domin kowa ya ga yadda iyaka ta kasance a rufe daga bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024.

Nijar ta riga ta ɗanɗana alƙawarin da babu kuɗi a bayansa. A 2006 aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, shiri mai kyau da ya ceci rayuka, amma gwamnati ta yi shekaru tana jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, kantocin magani na asibitoci suka bushe, uwa ta koma sayen magani a waje da takardar kyauta a hannunta. Senegal ma a shekarar ta kawo shirin Sésame na kula da 'yan shekara 60 zuwa sama, shi ma bashin asibitoci ya shaƙe shi. Tsarin haƙori ya fi waɗannan saurin mutuwa idan kuɗi ya tsaya, saboda kusan duk kayan aikinsa daga waje ake sayo su: allurar kashe zafi, abin ciko, safar hannu, robar haƙori. Wata biyu babu biya, kujera ta zama abin ajiye takardu.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da waɗannan gundumomi shi ne a juya lissafin. Maimakon a tara kuɗi a jira tsoho ya kawo rasit daga birni, asusun ya sayi aikin ya kawo shi gida. A ƙulla yarjejeniya da hukumar lafiya ta jihar Damagaram, likitan haƙori da mai haɗa haƙoran roba su riƙa sauka asibitin gundumar Magaria da na Dungass a ranaku sanannu duk wata, a sanar a gidajen rediyon karkara da masallatai. A biya kuɗin kayan aiki tun kafin wata ya kama. Ma'aikatan jinya na ƙananan asibitocin CSI kuma a koya musu duba baki, gane kumburi mai haɗari da turawa da wuri. Makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram na iya ɗaukar wannan nauyi. Yankin ba baƙon ciwon baki ba ne. Ƙungiyar Sentinelles ta shafe fiye da shekara talatin a Damagaram tana kula da yaran da cutar zaizayar baki ta kama, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Ma'aikacin da aka koya wa buɗe bakin yaro ya duba dasashi, ba zai gagara duba na kakan yaron ba.

Sai babbar tambaya, wadda duk mai gaskiya zai yi: 'yan fansho nawa ne a Magaria da Dungass? Kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan tsofaffin Dantchiao, Sassoumbroum, Malawa da Dogo-Dogo manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ba su taɓa karɓar albashi ba balle fansho, ritayarsu ita ce ranar da ƙarfin riƙe hauya ya ƙare. Tsoffin mata kuwa, waɗanda haihuwa da aikin gida suka gajiyar, ba sa cikin rajistar kowa. Idan aka tsaya kan masu katin CARENI da CNSS, an yi wa 'yan tsiraru gata da kayan gwamnati. Amfanin farawa da 'yan fansho ɗaya ne: su ne ƙungiyar da ke da kuɗi tabbatacce da zai sa likita ya zo ya kuma dawo. Da zarar ya zo, dole ƙofar ta buɗu ga sauran.

A nan ne maganar ta dawo kan matasan birni da 'yan ci-rani. Kuɗin da ke shigowa waɗannan garuruwa ta Nita da Amana da hannun direbobi, daga Yamai, Kano, Legas, Agadas, Libiya da Aljeriya, shi ne inshorar tsofaffi ta gaskiya a yau. Matsalarsa ita ce yana zuwa ne bayan kunci ya kumbura, lokacin da aikin ya fi tsada kuma haƙorin ya riga ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya da kai gawa gida za su iya buɗe zubi na shekara da sunan iyayensu, a biya kai tsaye ga asibitin gunduma, a karɓi rasit, a liƙa sunayen waɗanda aka duba. Ɗan da ke Tamanrasset zai fi yarda ya zuba idan ƙaninsa ya turo masa hoton rasit ta WhatsApp da ranar da aka ga Inna.

Masu cewa yankin na da matsalolin da suka fi haƙori suna da hujja. Duk damina sashen yara na asibitin Magaria, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa, yakan cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Babu mai cewa a ɗauki kuɗin yara a ba tsofaffi, shi ya sa ma ake maganar asusu daban, daga zubin masu fansho da na 'ya'ya. Nijar na cikin ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa burin kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya su samu haƙƙin kula da lafiyar baki a tsarin lafiyar ƙasashensu kafin 2030. Ma'aikatar lafiya, CARENI da CNSS za su iya fara gwajin shekara ɗaya a waɗannan gundumomi biyu, su buga adadin waɗanda aka duba da abin da aka kashe, kafin a yi maganar cire wani abu daga fanshon kowa.