Tirelar da ba ta da birki

A watan jiya mun raka wani maƙwabcinmu ɗaurin aure a Aburi. Sana'arsa ba da hayar rumfuna da kujeru, kuma ya sa mai walda ya ƙera masa 'yar tirela yana ɗaura ta a bayan motarsa. Tafiya lafiya lau. A dawowa ne, kan gangaren Peduase zuwa Ayi Mensah, ya taka birki sai muka ji kayan baya suna tura mu, gindin mota yana lilo. Salati kawai muke yi. Allah ya kiyaye, amma da muka tsaya tayoyin gaba har ƙauri suke.

Laifin ba na motar ba ne. An yi birkinta don nauyinta ita kaɗai, sai ga ƙarafan rumfa an ƙara mata. Abin da muke koya wa yara a aji ke nan: in nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka, in gudu ya ninka, aikin ya zama ninki huɗu. A Ingila da sauran ƙasashen Turai, tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta sami birkin kanta. Ku lissafa ƙarafa, kujeru ɗari biyu da janareta, ku gani ko ba a haura ba.

To, wane iri za a sa? Birkin iska, irin na manyan motocin da ke kawo albasa daga Nijar zuwa Adjen Kotoku, ba na ƙaramar mota ba ne, mu bar shi. Saura biyu.

Akwai na turawa. In mota ta rage gudu, tirela ta matso ta danna sandar da ke haɗa su, sandar ta ja waya, wayar ta kama tayoyin tirela. Ba batir, ba lantarki, nauyin kayan ne ke taka wa kansa birki. Aibinsa shi ne ribas: in ba mai sakin kansa ba ne, da ka ja baya sai ya cije, kuma duk wanda ya san lungunan Maamobi ya san ba a shiga gidan biki sai da ribas. A doguwar gangara kuma yana ɗaukar zafi, sai direba ya sauko da ƙaramar giya.

Na lantarki ya fi daɗin sarrafawa. Maganaɗisu ne a cikin taya, da ɗan akwati kusa da sitiyari, direba na iya kama tirela ita kaɗai in ta fara lilo. Amma rayuwarsa na kan waya, mu kuwa mun san abin da ruwan watan Yuni ke yi wa waya a garin nan. Ranar da ta tsinke ba za ta yi sallama ba.

Mu dai a ganinmu na turawa ya fi dacewa da mai rumfa da mai ɗauko raguna daga Tulaku da Sallah, domin kowane makanike na iya gyara shi. A nemi gatarin da ya zo da birkinsa a Abossey Okai, a tabbatar mai sakin ribas ne, kada kuma a manta da siririyar wayar da ke danne birki in tirela ta ɓalle. Maƙwabcin namu ya ce kuɗin sun yi yawa. Mun gaya masa in zai sake hawa Aburi da ita haka, mu tiroturo za mu shiga.