Zaren ƙarfe cikin jijiyar kai: aiki bai ƙare ba ran da aka sallami marar lafiya

Akwai wata cuta mai ɓuya cikin kai wadda likitoci ke kira anebirizim. Bangon jijiyar jini ne ke yin rauni, ya fitar da ƙululu kamar tsohuwar salka inda fata ta yi laushi. Wajen mutum 3 cikin manya 100 na ɗauke da shi, mafi yawansu har su bar duniya ba su sani ba. Amma ran da ya fashe, ciwon kai ne mai faɗowa kamar aradu, da yawa kuwa ba su isa asibiti da rai.

Cikin 1937, a Amurka, likita Walter Dandy ya buɗe ƙoƙon kai ya matse wuyan ƙululun da ɗan ƙarfe. Cikin 1990 Guido Guglielmi, ɗan Italiya mai aiki a Los Anjeles, ya zo da wata dubara: a zura siririn tiyo ta jijiyar cinya, ana bin sa da hoto har cikin kai, a cusa lallausan zaren ƙarfen filatin cikin ƙululun. Zaren ya nannaɗe, jini ya daskare kansa, ƙofa ta toshe. In bakin ƙululun ya cika faɗi, sai a girka ƴar raga mai siffar bututu cikin jijiyar don ta tare zaren. Wani babban bincike da ya fito cikin 2002, kan mutum 2143 da ƙululunsu ya fashe, ya nuna cewa bayan shekara guda wajen 24 cikin 100 na waɗanda aka sa wa zare sun mutu ko sun naƙasa, na fiɗa kuwa wajen 31.

Wannan ci gaba ne, ba gardama. Sai dai ganin mutum ya tashi babu tabo a kai na ruɗin dangi, har da wasu ma'aikata. Ragar nan baƙuwa ce cikin jiki, jini na son daskarewa bisanta. Dole marar lafiya ya sha asfirin da wani magani irin su klopidogirel watanni da dama ba fashi. Wanda ya bari don kwali ya ƙare, ko don aljihu ya ƙare, yana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Zaren shi ma yakan lotsa, ƙululun ya sake buɗe baki, shi ya sa ake sake hoton jijiyoyin kai, galibi bayan wata 6.

Saboda haka ma'aikacin da ke sa hannu ga takardar kai marar lafiya ƙasar waje bai kamata ya tsaya ga kuɗin jirgi da na aiki ba. A lissafa maganin, a lissafa hoton, a rubuta sunan likitan da zai bi shi in ya komo Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Shi kuma likitan ya riƙa awon jininsa kowane zuwa, ya raba shi da taba, domin hawan jini da sigari ne kan gaba wajen raunana bangon jijiya.