Yaron da ke Bayan Gardi

A 1881 wani Ba'amurke, James Otis, ya fitar da littafin Toby Tyler, labarin marayan da ya gudu daga gida ya bi ayarin masu wasa da dabbobi. Mako goma ya yi yana tallar alewa yana shan duka. Amininsa biri ne, shi ma maharbi ya harbe shi.

Mu ma daga Saminaka har cikin Birnin Gwari mun san gardawa, da kurarsu mai takunkumi da birinsu mai rawa. Mukan yi tafi, mu jefa kuɗi, mu watse. To, yaron da ke kaɗa musu ganga fa, a aji nawa ya bar makaranta? Ƙannenmu, ku tambaye shi, ku rubuto mana labarinsa.