Masanin Kimiyya da Manomi: Wa Zai Saurari Wani?

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamai da 'yan'uwa ɗalibai ga wata ɗabi'a da ta daɗe a tsakanin masana kimiyya, wato ɗaukar mai sauraro tamkar ƙwarya wadda ba komai a cikinta, sai abin da aka zuba mata.

Mu ɗauki misalin noma. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura a kan iyakar Nijar, manomi yakan haɗa gero da dawa da wake a gona guda. An yi shekaru malaman gona suna ganin wannan rashin wayewa ne, suna kira da a ware wa kowane iri gonarsa. Ana nan sai David Norman, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi manoman ƙauyukan Zazzau yana auna wahalarsu da amfanin da suke samu. A 1974 ya buga sakamakon bincikensa, inda ya nuna haɗin ya fi riba a kowace eka, ya kuma fi tsare gida daga yunwa. Gero yakan nuna da wuri, dawa ta jira ƙarshen damina, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobi. In wani ya ƙi, wani ya yi. Ashe manomi ba taurin kai ya yi ba, lissafi ya yi.

Wani zai ce ai matsalar ta harshe ce, fassara za ta warware ta. A ganina wannan bai wadatar ba. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina har da Hausa, abin a yaba ne ƙwarai. To amma manomin Gwiwa ba yawan milimitar ruwa ne damuwarsa ba. Tambayarsa ita ce: ya yi binne ko ya jira ruwan shuka? In aka ba shi amsar abin da bai tambaya ba, ko da daddaɗar Hausa ce, irinsa na iya ƙonewa a ƙasa.

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da aiki. Kalmomi irin su gicci da binne da ƙuduji da jigawa da fadama, kowace tana ɗauke da ilimin da aka tara kaka da kakanni. Wajibi ne mu tattara su, mu miƙa wa masana, domin su san da wa suke magana. Masani ya fara tambaya kafin ya koyar, domin matambayi ba ya ɓata.