Matasan coci suna ƙetare teku domin marayu, mu ina muka bar namu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekara idan makarantu suka yi dogon hutu a Amurka da Turai da Koriya ta Kudu, coci-coci kan haɗa ayarin samari da 'yan mata su tura su ƙasashen matalauta na mako ɗaya ko biyu. Kafin tafiyar, yaran sukan yi watanni suna tara kuɗin jirgi, wasu da wankin mota, wasu da sayar da kayan ƙwalama, wasu da neman gudummawar dangi. Idan sun isa, su gyara ginin coci, su yi wa gidan marayu fenti, su raba magani da littattafai, su kuma yi wa'azin addininsu, domin ba sa ɓoye cewa shi ne maƙasudin tafiyar. Ko a nan gida, masu yi wa ƙasa hidima na ƙungiyar Kirista sukan ware kwanaki su shiga ƙauyuka da magani da tufafi da aski kyauta.

Idan irin wannan labari ya iso majalisunmu a Dugabau ko Kabo ko Gwarzo, abin da aka fi ji shi ne ƙorafi: ana son a raba 'ya'yanmu da addininsu. Kishin addini abin yabo ne. Sai dai mu a ganinmu, ƙorafin da ba aiki a bayansa bai taɓa ciyar da maraya ko ɗaya ba.

Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan. A shekarar 1893 samari uku 'yan shekara ashirin da 'yan kai, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar Sudan, wato yankinmu. Biyu daga cikinsu sun mutu cikin shekarar da ta biyo baya, amma ƙungiyar da suka assasa, SIM, ta rayu, kuma daga gare ta cocin ECWA ya fito a 1954. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a cikin masarautun Musulmi. Jinyar kutare ce ta buɗe musu ƙofa a shekarun 1930, a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. Da wuya a sami gari a yammacin Kano da ba a taɓa kai wani dattijonsa asibitin idon nan ba. Darasin a fili yake: sun shigo ta wurin mutanen da al'umma ta ƙyamata ko ta manta da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu ne masu bangon.

Adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda muka saɓa da shi. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Matashin da ya hana kansa jin daɗin hutu domin ya ɗauki bulo a gidan marayu ya nuna himmar da ya kamata ta sa mu binciki kanmu. Maƙwabtanmu Kiristoci Hausawa da ke ƙauyukan Kano suna da haƙƙin maƙwabtaka a wuyanmu, haka ma baƙonsu. Ba ya halatta wani ya ɗauki doka a hannunsa da sunan kare marayu. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, ga kuma hukuma.

Amma yaba himma ba ya nufin kwaikwayon hanya ido rufe. Masu aikin kare yara, har da Kiristoci a cikinsu, sun daɗe suna sukar wannan salo na ziyarar gidajen marayu. Ƙiyasin da suka fi ambata shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su da gida. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi, sai gidajen marayu su zama kasuwa, a riƙa neman yaran da za a cika ɗakuna da su. Yaro ya shaƙu da baƙo yau, bayan kwana goma baƙon ya hau jirgi, ya bar shi da sabon maraici. A watan Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa 10 'yan cocin Baptis suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba tare da cikakkun takardu ba, daga baya aka gano da yawansu suna da iyaye. Kafin nan, a 2007, Chadi ta kama ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta Faransa, wadda ba ta coci ba ce, suna shirin ɗaukar yara 103 daga Abeche. A Kano ma mun ga yadda aka rufe gidan marayu na Du Merci a Disambar 2019, aka mayar da yaran gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. Kotu ta wanke mai gidan daga zargin satar yara a 2021, amma yaran sun shafe shekaru a tsakiyar jayayyar manya. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, wahalar a kan yara ta ƙare.

A nan ne hikimar Shari'a take bayyana. Musulunci ya ɗora riƙon maraya a kan dangi da maƙwabta kafin kowa. Suratul Ahzabi ta wajabta a kira yaro da sunan mahaifinsa, don kada a yanke shi daga asalinsa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin dukiyar maraya da zalunci narkon wuta. Suratul Ma'un ta sanya tunkuɗe maraya cikin alamomin ƙaryata ranar sakamako. A hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu don nuna kusancinsa a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. Waɗannan nassosi muna karanta su a kowane tafsirin azumi. To, ina aikinsu a Dugabau da Garo da Gude da Getso da Lakwaya?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mafi yawan abin da ke cutar da marayunmu daga cikin gida yake fitowa. Magidanci ya rasu, a yi shekaru ba a raba gado ba, baffa ya ci gaba da noma gonar yana kai amfanin rumbunsa. Uwar yara ta gama takaba, a matsa mata ta yi aure, mijin ya ce bai auro ta da 'ya'yan wani ba. A tura namijin birni da sunan karatun allo ba guzuri, macen a ɗora mata tallan da zai raba ta da makaranta. Da sallah a ɗinka musu atamfa da shadda, a ɗauki hoto a sa a Facebook, sai kuma wata shekarar. Kwamitocin marayu na masallatai suna ƙoƙari a watan Ramadan, Allah Ya saka musu, amma yunwa ba ta san wata goma sha ɗayan da suka rage hutu ba ne.

Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Da farko, kowane masallacin Juma'a a ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo ya sa matasansa su rubuta marayun unguwanninsa gida-gida: shekarunsu, wanda ke riƙonsu, da ko suna zuwa makaranta. Na biyu, limamai da masu unguwanni su tsaya a raba gado da wuri, a rubuta rabon ƙananan yara a gaban shaidu, a damƙa shi ga amintacce har su mallaki hankalin kansu. Na uku, mu manoma ne. Wanda amfaninsa na dawa ko gero ko masara ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, zai fitar da ɗaya bisa goma idan noman damina ne, ko rabin haka idan da wahalar ban ruwa ya noma. Maraici shi kaɗai ba ya cikin rukunan masu karɓar zakka, amma maraya matalauci yana sahun gaba. A tara hatsin nan lokacin kaka, a riƙa auna wa iyayen marayu wata-wata, tare da neman haɗin kan Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Na huɗu, ɗalibanmu da ke jami'o'i da kwalejoji su mayar da hutunsu ayarin hidima zuwa garuruwansu: masu karatun lafiya su duba marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar likita, masu karatun koyarwa su yi wa yara bita, masu sana'a su ɗauki maraya ɗaya su koya masa.

Muna da magabata a wannan hanya. Dakta Abdurrahman As-Sumait, likita ɗan Kuwait da ya rasu a 2013, ya shafe kusan shekara 30 yana gina rijiyoyi da makarantu da ɗaukar nauyin marayu a Afirka. A Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007, ya haɗa 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya kashe daga kowane ɓangare a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2017.

Matashin coci yana biyan kuɗin jirgi kafin ya ga maraya. Mu namu yana bayan katangar gidanmu, yana jin ƙamshin tukunyarmu. Ranar da za a tambaye mu game da shi, ba za a karɓi uzurin cewa mun shagala da tsaron abin da wasu ke yi ba.

Allah Ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya abin da suka bari, Ya ba mu ikon sauke wannan amana. Amin.