Ba A San Maci Tuwo Ba: Mu 'Yan Kanon Suleja Da Yaran Ikon Allah

Kwana biyu ba ku ji ni ba, hidimar shago ce ta sha mini kai, domin Baba ya yi tafiya Kano sarin kaya ya bar mini ragamar komai. Yau da na ɗan samu sarari sai na ce bari in fitar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ƙwallo ce, amma wanda bai damu da ƙwallo ba kada ya wuce, don in ya yi haƙuri zai ga cewa shi ma ta shafe shi.

Abin da ya tayar da zancen shi ne daren da Super Eagles ta buga wasan cike gurbi da Kwango a birnin Rabat na Maroko, a watan Nuwamban 2025. A gidan kallon da muke zuwa a nan Chaza, tun kafin a take leda an riga an gama wasan da baki. Wannan ya ce uku da nema, wancan ya ce ai Kwango ba ta isa ko wanke wa Osimhen takalmi ba. Da Onyeka ya jefa ƙwallo tun a mintunan farko kuwa, har da masu tashi wai za su je su kwanta. Sauran labarin kun san shi. Kwango ta farke, aka tashi 1-1, aka je bugun fenariti suka fitar da mu da ci 4-3. Benci biyu aka karya a daren nan, mai gidan kallo yana rantsuwa yana kumfar baki.

Washegari a teburin mai shayi, wani dattijo Banufe, tela ne a bakin layinmu kuma tsohon masoyin Niger Tornadoes, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ɗana, ku matsalarku ɗaya ce. Ba ku taɓa koyon shiga fili a matsayin wanda aka raina ba. Mu kuwa a cikinsa muka tsufa." Na yi dariya kawai na ce, "Haka ne Baba," amma maganar ta bi ni har shago. Ta tuna mini da ranar da na fi jin kunyar kaina a harkar ƙwallo.

Ni dai a Suleja aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare. Mahaifina Bakano ne, ya zo garin nan da ƙullin atamfa tun kafin ya yi aure, har Allah ya ba shi shago a kasuwar IBB. A gidanmu ba a tambayar yaro ƙungiyar da yake so, Kano Pillars ake gada kamar yadda ake gadon sunan kaka. Ina ɗan shekara takwas a 2009 lokacin da Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka. A wancan lokacin Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau shida, kuma babu wani mai hankali a nahiyar nan da ya ba Pillars ko da kashi ɗaya cikin goma. Aka yi 1-1 a gida, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a yi musu wankin babban bargo. Sai ga 2-2, Pillars ta wuce da yawan ƙwallayen waje, ta je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Ban manta ba, ranar Baba ya raba wa yaran layi alawa, mutumin da ko sisinsa ba ya ciwon kai a banza. Har yau in ana hira yakan ce wannan ce rana mafi daɗi a tarihin Masu Gida, ta fi duk kofunan lig huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014 daɗi a wurinsa. Ku lura da kyau, ranar da ya fi so ita ce ranar da aka raina mu.

To shekara goma bayan nan sai reshe ya juye da mujiya. Ranar 28 ga Yulin 2019 aka buga wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wanda iyayenmu suka sani da Kofin Ƙalubale, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Kano Pillars da Niger Tornadoes. Pillars ta gama lig a matsayi na biyu a shekarar, Tornadoes kuwa ta faɗo daga babban rukuni makonni kaɗan kafin nan. Wato dai mu ne Al Ahly a wannan karon. Na gama jarrabawar fita sakandare ke nan, kawuna ya ce in shirya mu tafi, duk da Umma tana ta faɗan hanyar Kaduna ba lafiya. Muka cika mota mu tara, bakwai 'yan Pillars, biyu 'yan Tornadoes: wani abokina Bagwari da muka yi aji ɗaya, da wannan dattijon tela da na ba ku labari.

Wallahi tun daga Suleja har muka wuce Tafa muka wuce Jere, ba mu bar mutanen nan biyu sun sha iska ba. Mun ce musu 'yan ƙauye. Mun ce ƙungiyar da ba ta da ko filin kanta, don an sha ganin suna buga wasan gida a Lokoja. Har sunan da ake musu kirari da shi, Yaran Ikon Allah, sai da muka mayar abin dariya, wai ai dole su jira ikon Allah tunda ba su da 'yan wasa. Astagfirullah. Dattijon nan bai ce uffan ba sai goro da yake ci. Abokina ne kawai ya ce mini a hankali, "Kai da aka haifa a jihar Neja, in mun ci ai kai ma ka ci." Na ce masa Allah ya kiyaye.

A fili kuwa, duk inda ka duba kore ne da rawaya, "Sai Masu Gida" kawai ke tashi. Amma minti casa'in suka ƙare babu wanda ya ga ragar wani. Waɗanda muka ce za a yi wa ruwan ƙwallaye suka tsaya kamar Dutsen Zuma. Da aka zo fenariti na duba fuskar kawuna na ga gumi yana zuba, domin kowa ya tuna abin da ya faru a Asaba a 2018, inda Pillars tana gaba da ci uku da nema Rangers ta farke duka ta kuma ɗauke kofin a fenariti. Allah ya taimake mu muka ci 4-3. Karo na farko ke nan da Pillars ta ɗauki wannan kofi.

Abin da ya tsaya mini shi ne dawowa. Mu da muka ci, rabin hirar motar zagin 'yan wasanmu ne, wai sun ba mu wahala a kan ƙaramar ƙungiya. Su da aka cinye kuwa, dattijon nan sai ya buɗe baki a karon farko, yana ba mu labarin shekarar 2000, lokacin da Tornadoes ta doke Rangers da ci ɗaya mai ban haushi a Legas ta kawo kofin Minna, da kuma 2017 da suka sake zuwa wasan ƙarshe Akwa United ta cinye su a fenariti a Agege. Yana faɗa yana dariya, kai ka ce shi ya ɗauko kofin. Ya ce, "Mun zo an ce za a ci mu biyar, mun koma sai da aka yi mana fenariti. Alhamdu lillahi." A raina na ce to wai tsakaninmu da shi wa ya fi jin daɗin ranar nan?

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu za su ce na ci amanar gida. Yawancinmu ba ƙungiya muke so ba, nasara muke so. Shi ya sa ba mu iya zama a ƙasa ba, kuma ba mu iya ganin na ƙasa mu ƙyale shi ba. Mai goyon bayan ƙungiyar da ake sa ran za ta ci, tsoro ne ke kai shi fili, in an ci ya ce dama haka ya kamata, in an sha kashi ya nemi abin fasawa. Mun gani a Agege a watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara na ƙungiyoyi shida, yadda aka afka cikin fili bayan Pillars ta yi 1-1 da Rangers. Mun gani a nan maƙwabtanmu Abuja a watan Maris na 2022, da Ghana ta hana mu zuwa Ƙatar, yadda aka farfasa kayan filin Moshood Abiola. Da yawa daga samarin Suleja da Madalla suna wurin a ranar, kada wanda ya ce mini ba haka ba.

Sannan da aka zo 2022 Pillars da kanta ta faɗa rukuni na biyu, ina masu cika baki suka shiga? A majalisarmu mutum uku ne kacal suka ci gaba da bin sakamakon wasanninta. Saura duk sun koma Chelsea da Madrid da Barcelona, in ka ta da zancen Pillars sai a ce maka, "Rabu da ƙwallon Najeriya." Sai da ta je Asaba a 2023 ta buga wasannin Super 8 ta dawo sama, sannan riguna kore da rawaya suka fito daga ƙasan akwati. Ita kuwa Tornadoes, da ta je Inugu a 2021 neman gurbin dawowa, a gasar da idon 'yan jarida duk yana kan manyan sunaye irin su Shooting Stars ta Ibadan da Bendel Insurance, wannan dattijo da rediyonsa a kan keken ɗinki ya bi ta wasa bayan wasa har ta haye. Babu wanda ya taya shi murna a layinmu sai abokina Bagwari, sai ni da na je daga baya a kunyace.

Abin mamaki, mu ɗin nan mun san daɗin goyon bayan wanda aka raina in dai daga nesa yake. Da Leicester ta ɗauki kofin Ingila a 2016 kowa ya zama ɗan Leicester, tun ma kafin Ahmed Musa ya koma can. Da Maroko ta fitar da Sifen da Fotugal a 2022 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya, 'yan acaɓa sun yi ta zagaye gari da hon, har wani ya ce ai dama shi ya sa muke da titin Maroko a Suleja. Amma ƙungiyar jihar da muke kwana muke tashi a cikinta, ita ce abin yi wa dariya.

A nan ne maganar ta wuce ƙwallo. Sau nawa muke zama muna ƙorafin cewa an haife mu a nan amma in an zo neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko gurbin karatu, ko aikin gwamnati, sai a tambaye mu garin ubanmu? Ni ma abin ya taɓa ci mini rai a wani ofis, kuma ina ganin ƙorafin yana kan hanya. To amma in an je Kano hutun Sallah, 'yan uwanmu can "'yan Suleja" suke kiranmu, har suna kwaikwayon yadda muke magana. Mu ne nan ba mu zama 'yan gari ba, can ma ba mu zama ba. Ban ce rigar ƙwallo za ta ba kowa takarda ba. Na dai ce wanda yake son a daina kiransa baƙo, bai kamata a ce duk ranar da jihar ta fito gaban jama'a shi ne na farkon yi mata ihu ba. Maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa da Koro suna ji, kuma suna ajiyewa a rai.

Kuma in an bi tarihi, garin nan ma waɗanda aka ci da yaƙi ne suka kafa shi. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi ya yo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828, aka ci gaba da kiransa Abuja har zuwa lokacin da aka ba sabon babban birnin ƙasa sunan, shi kuma ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen da aka ɗauka tasu ta ƙare su ne suka bar sunan da yau duk duniya ta sani. In akwai garin da ya kamata ya san darajar wanda aka raina, to wannan ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Minna ta yi mana nisa, ba don yawan kilomita ba sai don halin da hanyar Lambata ta daɗe a ciki. Sau da yawa mutumin Suleja ya fi saurin isa Kaduna. Ita ma ƙungiyar ta yi kakanni tana buga wasan gida a wajen jihar, a Lokoja da Kaduna, to yaron Chaza a ina zai gan ta balle ya so ta? Wannan laifin ba namu ba ne. Kuma ni ban ce kowa ya bar Pillars ba. Ni kaina ba zan bari ba, in na bari ma Baba zai iya karɓe makullin shago. In suka haɗu gobe, Masu Gida zan yi. Amma sauran ranakun shekara fa, waɗanda Tornadoes ke karawa da Enyimba ko Rangers ko Remo, kowa yana cewa za a cinye ta, me zai hana mu tsaya mata? Wa za mu yi wa kishi a ranar?

Na yi wa Baba wannan maganar da ya dawo daga Kano, muna lissafin bandir ɗin atamfa. Ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai yanzu Banufe ka koma?" Na ce, "A'a Baba, na dai tuna alawar 2009 ne." Bai ba ni amsa ba, ya ce in ƙirga shaddar da ke bayan kanta.

Mun yi magana da dattijon tela da abokina, duk ranar da aka sa wasan Tornadoes a filin Bako Kontagora ranar Lahadi, za mu yi sammako mu tafi Minna. Mota tana ɗaukar mutum tara, yanzu mu uku ne. Mai sha'awa ya same ni a shago ko wurin mai shayi bayan sallar isha'i. Kuɗin mota kowa da nasa, goro kuwa Baba tela ya ce shi zai saya.